Kulle kare a keji ba ya koya masa gadi

Akwai maganar da na gaji da ji a bakin masu sayen manyan karnuka irin su Boerboel da Rottweiler: wai a kulle kare a keji yini guda, kada ya ga kowa, sai dare a sake shi, a haka zai yi zafi ya tsare gida. Na san tsaron iyali suke nema.

Sai dai ba haka abin yake ba. Boerboel a gonakin Afirka ta Kudu aka samar da shi, yana yawo cikin iyali, ya san ɗan gida, ya san baƙo. Gadi a jininsa yake. Bambance mutane ne sai ya koya, kuma kwikwiyo ya fi ɗaukar wannan daga mako 3 zuwa wajen mako 14. Wanda ya tashi a kulle tsoro ne ke cika shi, kuma tsoron ne ke sa shi cizo.

A ce an manta ƙofar keji a buɗe, yaron maƙwabta ya shigo da gudu ɗaukar ƙwallonsa. Kare mai kilo 60 da bai taɓa sabawa da yara ba, ta ina zai gane wannan ba ɓarawo ba ne? Ko wanda ya samu horo mai kyau ma, ba a barinsa da ƙananan yara sai da babba a wurin.