Ya kamata ƙaramar hukumar Bauchi ta nemi kuɗin sufuri a Abuja, amma da takarda a hannu

Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, fita daga gida a garin Bauchi ta zama abin da magidanci ke zama ya yi wa lissafi. Ka tsaya a Wunti bayan la'asar ka ga yadda ake cusa mutane a keke napep, huɗu a baya, ɗaya ya raɓa kusa da direba. Wasu sukan taka rabin hanya da ƙafa don kuɗin ya ragu. Da damina kuwa akwai unguwannin da mai keke zai tsaya a bakin kwalta ya ce, "Hajiya, a nan zan sauke ki, ciki ba ya shiguwa."

Wa ke da alhakin wannan "cikin"? Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora titunan unguwa da magudanan ruwa da fitilun titi da tashoshin mota a wuyan ƙaramar hukuma. Sai dai a rabon arzikin ƙasa, ƙananan hukumomi 774 kashi 20.60 cikin ɗari suke rabawa, tarayya ita kaɗai ta ɗauki kashi 52.68. Ko da an aiwatar da hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 yadda ya kamata, kuɗin ya shiga asusunsu kai tsaye, albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya zai lashe kaso mai yawa kafin a zo maganar kwalta. Don haka ni a ganina, ƙaramar hukumar da ta nemi Abuja ta sa hannu a sufurin cikin gari ba bara take yi ba. Wanda ya cire tallafin, ya kuma riƙe kaso mafi tsoka, dole ya ɗauki wani ɓangare na nauyin.

Abin da ke damuna shi ne hanyar da kuɗin tarayya ke bi kafin ya iso. Naira biliyan biyar-biyar da aka amince a ba jihohi a Agustan 2023 don rage raɗaɗi, hannun gwamnoni ta shiga. Sauran kuma ta aikin mazaɓa yake zuwa: ɗan majalisa ya raba babura da kekuna ga magoya baya, ko a gina kwalbati ɗaya a kafa masa allo. Wanda ya samu babur ya ji daɗi, Allah ya sa albarka, amma hanyar Yelwa tana nan yadda take. Shugaban ƙaramar hukumar da ba shi da uwa a gindin murhu haka zai gama wa'adinsa bai ga sisi ba.

A Amurka, birni kan rubuta buƙatarsa kai tsaye zuwa ma'aikatar sufuri ta tarayya, a yi gasa da sauran birane, kuma galibi tarayya kan biya kashi 80, birni ya kawo 20. Ko a nan gida muna da makamancinsa. Shirin RAAMP na hanyoyin karkara, wanda Bankin Duniya ke tallafa wa kuma Bauchi na ciki, sai jiha ta zuba nata kason, ta kuma tanadi yadda za a riƙa gyaran hanyar. Amma wannan na karkara ne, kuma jiha ce ke riƙe da shi. Cikin gari na buƙatar tasa ƙofar, a buɗe, da sharuɗɗa a rubuce, sannan a wallafa sunan wanda ya samu da dalilin ba shi.

Kafin nan, akwai aikin da ba sai an jira Abuja ba. Mutum nawa ke bin hanyar Wunti zuwa Yelwa da safe? Nawa ke zuwa Gwallameji? Wace unguwa ce ruwa ke yanke wa hanya duk Agusta? Ɗaliban injiniya na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya za su iya wannan ƙidayar, ba sai an ɗauko ƙwararru daga Legas ba. Sannan masu keke suna yankar tikiti kullum, ana karɓar kuɗi a tasha. A fito da lissafinsa fili, domin daga nan ne kason ƙaramar hukuma zai fito. Wanda bai iya nuna inda kuɗin tikiti ya shiga ba, da wane baki zai nemi biliyoyi?

Kuma a nemi abin da za a iya riƙewa. Motocin bas masu amfani da iskar gas da tarayya ke tallatawa abu ne mai kyau, amma sai an amsa inda za a ɗura musu gas da bakaniken da zai gyara su. Magudanan ruwa, da titunan da ke haɗa unguwanni da manyan hanyoyi, da rumfunan jiran mota su ya kamata su zo a sahun gaba.

Na san za a ce gwamnoni ba za su yarda ƙaramar hukuma ta riƙa magana da Abuja ta bayansu ba. Ba sai an bi ta bayan kowa ba. Jiha ta shigo a matsayin abokiyar aiki, ta kawo kamfanin sufurinta na Yankari Express da ƙwarewar ma'aikatar ayyuka, amma takardar ta ɗauki sunan ƙaramar hukuma da sa hannun shugabanta, kansiloli kuma su karanta ta a gaban mutanen gundumominsu kafin a tura.