Idan mace ce ta yanke jiki ta faɗi, sai hannu ya yi nauyi

Jama'a, akwai wasu alƙaluma da suka tsaya min a rai, kuma ina ganin sun shafe mu ko da ba a ƙasarmu aka tattara su ba.

A 2018 Audrey Blewer da abokan aikinta suka fitar da bincike kan mutum 19,331 da zuciyarsu ta tsaya farat ɗaya a wajen asibiti, a Amurka da Kanada. In a bainar jama'a abin ya faru, kashi 45 cikin 100 na maza sun samu wanda ya danna musu ƙirji don jini ya ci gaba da zagayawa kafin motar asibiti ta iso. Mata kuwa kashi 39. To a cikin gida fa? Maza 36, mata 35, kusan kunnen doki. Ke nan a gida ba a cika bambanta mace da namiji ba. Baƙon da ke kan titi shi ne ke ja da baya.

A Holan ma an bi diddigin mutum 5,717 daga 2006 zuwa 2012. Kimanin kashi 20 na maza sun fita daga asibiti da ransu, mata kashi 12.5 kacal. Don a yi adalci, ba duka laifin masu kallo ba ne. Yawanci matan sun fi manyanta lokacin da abin ya same su, da dama su kaɗai suke zaune, ba wanda ya ga faɗuwarsu. Kafin a iso, zuciyar ta wuce matakin da na'urar lantarki za ta iya dawo da bugunta: kashi 53 na maza an same su a matakin da na'urar ke aiki, mata kashi 34. Amma ai wani ɓangare na wannan ma jinkiri ne ya haife shi.

Da Sarah Perman ta Jami'ar Kolorado ta tambayi Amurkawa dalilin da ya sa ake ƙin taɓa mata, sai aka ji: tsoron a ce ka taɓa inda bai kamata ba, tsoron a kai ka ƙara, tsoron karya mata ƙashi, da zaton raki kawai take yi. Wannan fa a ƙasar da mace da namiji ke musabaha ba a ɗauke shi komai ba. To ina ga mu?

Kowa ya san yadda ake yi a tasha ko a gidan biki. A yayyafa mata ruwa, a yi mata fifita, wata ta ce iskokinta ne suka tashi, maza su koma gefe suna salati, a aika a nemo mijinta. Alhali kowane minti ɗaya da ya wuce ba a danna ƙirji ba, damar rayuwa na raguwa da kusan kashi 10, kuma cikin 'yan mintuna ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Mijin da ke Sabon Gari ba zai iso Kurna a kan lokaci ba.

Ni ban raina kunya ba, da ita aka raine mu. Amma malamanmu sun daɗe da karantar da mu cewa larura tana halatta abin da aka hana, kuma ban san larurar da ta kai zuciyar da ta tsaya ba. In akwai macen da ta iya a wurin, ita ta yi. In babu, Malam, kai ne. Ba ta amsawa, ba ta numfashi ko sai gurnani? Ka sa wani ya kira 112, ka kwantar da ita rigingine a ƙasa mai tauri, ka ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirji, ka danna ya nutse kamar santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti. Dannawa ba ta buƙatar cire tufafi. Na'urar AED, wato na'urar lantarkin nan mai dawo da bugun zuciya, ita ce kawai ke son fata, nan kuma sai mata su yi shinge da mayafi.

Wani abin haushi, akasarin gumakan robar da ake koyar da wannan aiki a kansu ƙirjin namiji ne da su, shi ya sa har wanda ya koya yake daburcewa a gaban mace. Masu horarwa su gyara wannan. Su kuma shugabannin Islamiyyun matan aure da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, ku nemi wata ma'aikaciyar jinya ta zo ta nuna wa mata wannan dannawa a aikace, darasin yini ɗaya ya isa.