Nasiha ga Matasa: Gajiyar Zama Daban, Motsa Jiki Daban

'Yan'uwana matasa, maza da mata, ina so mu dubi yadda yininmu yake tafiya a yau. Saurayi zai fito daga gida ya hau babur zuwa wurin da bai kai tafiyar minti 10 a ƙafa ba, ya wuni zaune a shago ko ofis ko rumfar POS, da yamma ya koma majalisa ana shayi mai yawan sukari, da dare kuma ya kwanta da waya a hannu har barci ya ɗauke shi. Ba ya jin zazzaɓi, ba ya jin ciwon kai, don haka yana ganin lafiyarsa ƙalau, alhali irin wannan zama yana daga cikin abubuwan da ke share wa hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki hanya.

Iyayenmu da kakanninmu ba su ware wa motsa jiki lokaci ba, domin rayuwar tasu kanta motsi ce: noma, kiwo, daka, surfe, ɗebo ruwa, zuwa kasuwa a ƙafa, ga langa da kokawa a dandali. Ba ina kiran a koma wa wahala ba ne, injin niƙa da famfo da abin hawa duk ni'ima ce daga Allah. Sai dai aikin ƙarfin ya ragu, tuwo da shinkafa da taliya ba su ragu ba, lemon kwalba ma ya ƙaru a kansu, kuma abin da jiki bai ƙona ba ajiye shi yake yi.

Na san amsar da wasu za su bayar, musamman direban adaidaita sahu da tela da mai tsaron shago: ai ni tun safe nake aiki, kuma a gajiye nake komawa gida. Gaskiya ne akwai gajiya, kuma neman halali abin girmamawa ne, amma gajiyar da zama wuri ɗaya ke kawowa ba ta ƙarfafa zuciya. A shekarar 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya fitar da sakamakon binciken da ya yi da abokan aikinsa a kan ma'aikatan motocin bas masu hawa biyu na birnin Landan. Direbobi suna wuni a zaune, kwandastoci kuwa suna hawa da sauka a matakala suna karɓar kuɗin mota. Mota ɗaya suke ciki, tsawon lokacin aikinsu kusan ɗaya ne, amma aka tarar direbobin sun fi kamuwa da ciwon zuciya, kuma idan ya kama su ya fi yi musu tsanani. Duk wanda sana'arsa ta zama ce ya kamata ya tsaya ya yi tunani a kan wannan.

Dalilin a fili yake. Tsokar jiki, musamman ta cinya da ƙafa, ita ce ke zuƙe mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci, kuma tana yin hakan sosai ne idan tana aiki. Idan aka bar ta a kwance shekara da shekaru, sai jiki ya rage jin insulin, wato sinadarin da ke taimaka wa jiki ɗauke sukari daga jini, sukari ya riƙa taruwa a jini, kitse ya taru a ciki, jijiyoyin jini su yi tauri. Ciwon suga da hawan jini su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, kuma duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa wankin ƙoda ya san abin da hakan ke ci na kuɗi da na hankali.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 kusan kashi 31 cikin 100 na manyan mutanen duniya ba sa motsa jiki gwargwadon buƙata. Ma'aunin da ta bayar kuwa bai fi ƙarfin kowa ba: aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, wato kamar minti 30 a kwana 5, tare da aikin ƙarfafa tsoka sau 2 a mako. Yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu minti 60 a kullum. Motsi matsakaici shi ne tafiya da sauri har numfashi ya ɗan ƙaru, amma mutum yana iya magana da abokin tafiyarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne kunyar da muka ɗora wa tafiyar ƙafa, har wanda ya samu abin hannu yake ganin takawa zubar da girma ne, ana kuma kallon tumbi a matsayin alamar wadata. Wannan fahimta ba ta da tushe a addininmu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, kuma a cikin kowannensu akwai alheri. Ya kuma tabbata cewa ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Saboda haka 'yan'uwa mata su ma wannan magana tasu ce, kuma tsakar gida ta isa a zagaya da sauri, a yi tsallen igiya, a durƙusa a miƙe.

Ku taka zuwa masallaci, ku sauka daga adaidaita sahu kafin a kai ƙofar gida, ku ɗan yi tafiya bayan abincin dare, domin tana taimakawa wajen sauke sukarin jini. Mai shago da ma'aikacin ofis su riƙa tashi suna zagayawa bayan kowane rabin awa ko awa ɗaya. A lokacin bazara a zaɓi bayan sallar Asuba ko dab da Magariba, a kuma sha ruwa sosai. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10, ya riƙa ƙarawa sannu a hankali. Mai hawan jini ko ciwon suga ya fara shawartar likita, wanda kuma ya ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi na sarƙewa yana cikin tafiya, ya dakata nan take ya nufi asibiti.