A miƙa alli ga wanda ya fi shiru

Duk shekara idan WAEC da NECO suka matso, sai ka ji malami ya ce wa yara, "Ku kasu rukuni-rukuni ku yi bita," shi kuma ya koma ofis ya zauna. Wallahi wannan ba karatun rukuni ba ne. Na sha leƙawa ta taga: yaro ɗaya ya duƙufa yana warware lissafi, huɗu sun zagaye shi suna kwafa. Ran jarrabawa kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Balle JAMB, wadda tun 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya, daga kai sai allon da ke gabanka.

Ni lissafi nake koyarwa, ajina ya haura ɗalibi 80. Ba yadda za a yi in bi su benci-benci cikin minti 40, don haka rukuni ya zame mini dole, amma da sharaɗi. Biyar-biyar, kuma ni ke haɗawa, ba na bari abokai su zaɓi juna. Tambaya uku kacal nake ba su daga tsofaffin takardun WAEC. In lokaci ya cika, ba gwanin nake kira ba, wanda ya fi shiru nake miƙa wa alli, kuma makin da ya samu shi ne na rukunin duka. Tun da suka gane haka, gwanin ya daina kare littafinsa da hannu, ya koma cewa, "Tsaya, sake yi in gani."

Akwai wata yarinya da na shekara biyu ban san muryarta ba. Lissafin nan mai x da y ya gagare ta. Ina wucewa sai na ji 'yar rukuninsu na ce mata, "Ke, ki ɗauka x kuɗin mudun shinkafa ne, y na mudun wake." Da na kira ta, hannunta na rawa har allin ya karye. Ta sunkuya ta ɗauki guntun, ta fitar da amsa daidai.

Da Hausa aka yi mata bayanin nan. Shi ya sa raina ke ɓaci da masu cin tarar yaro don ya yi Hausa a aji. Amsa da Turanci za a rubuta, babu musu. Amma yaron da ke neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi, a bar shi ya fahimta tukuna da harshen da yake tunani da shi.

Kuma abin nan namu ne tun asali. A tsangaya gardi ke biya wa ƙolo, almajirai biyu su zauna, ɗaya na tilawa ɗaya na gyara masa. Malam kuma yana wurin, kunnensa na kan kowa.

Malamai 'yan uwana, kada mu jira sai Afrilu. Ni tun zangon farko nake farawa, duk Alhamis, darasin ƙarshe, ina zagayawa tsakaninsu har a kaɗa ƙararrawa.