Garayar Burma da matattun da fim ɗin bai ƙirga ba

A shekarar 1956, shekara 11 da ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Nikkatsu na Japan ya fitar da Biruma no Tategoto, wato Garayar Burma, fim mai fari da baƙi wanda Kon Ichikawa ya ba da umarni, matarsa Natto Wada kuma ta tsara labarin daga littafin Michio Takeyama. Fim ɗin ya samu lambar yabo a bikin Venice, ya kuma shiga takarar Oscar, amma abin da ya sa ake komawa gare shi har yau shi ne yadda ya ɗauki hakkin mamaci da muhimmanci.

Mizushima, sojan da Shoji Yasui ya fito a matsayinsa, makaɗin garaya ne a wata ƙaramar rundunar Japan da ta miƙa wuya ga sojojin Ingila a ƙasar Burma (Myanmar ta yau) a 1945. Aka aike shi ya lallashi wasu 'yan uwansa da suka ɓuya a kogon dutse, aka ba shi minti 30, suka ƙi, aka yi musu ruwan wuta. Da ya farfaɗo, sai ya saci mayafin wani malamin addinin Buddha ya nufi sansanin Mudon, inda aka tsare rundunarsa. A hanya ne ya ga gawarwaki tuli a bakin ruwa, ungulaye na sauka a kansu, babu mai tsayawa. Ichikawa ya bar kyamara ta daɗe a kan fuskar mutumin yana toshe idanunsa, daga baya kuma a kan hannuwansa suna tonon ƙasa, har mutanen ƙauye suka zo suka taya shi. Duk wanda ya taɓa raka gawa maƙabarta ba ya buƙatar fassara a wannan wuri.

Sai dai ina da ƙorafi, kuma ba ƙarami ba ne. Gawarwakin da suka hana Mizushima komawa gida na sojojin Japan ne. Fim ɗin bai waiwayi dubban 'yan Burma da fursunonin yaƙin da suka mutu a aikin tilas na layin dogon da ya haɗa Thailand da Burma ba. Takeyama kansa bai taɓa zuwa ƙasar ba lokacin da ya rubuta labarin domin yara. Mu ma muna da namu a dazuzzukan nan, domin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda Hausawa ke da yawa cikinsu, sun gwabza da Japan a Kaladan da Arakan, barikin Chindit na Zariya ma daga yaƙin ya samo suna.

Ina ganin Ichikawa da Wada sun ji wannan giɓi, shi ya sa a 1959 suka yi fim ɗin Nobi daga littafin Shohei Ooka, wanda ya yi yaƙi a Filifin, inda yunwa ta kai soja ga cin naman ɗan uwansa. Wanda zai kalli na farko, ya haɗa da na biyu a mako guda.