Rairayin gaɓar teku ba kango ba ne

Duk lokacin da aka tashi maganar kare halittun teku, duwatsun murjani da manyan kifaye ake fara ambata, a manta da shimfiɗar rairayin da ke ƙarƙashin ruwa mara zurfi, tamkar babu rai a cikinta. A ganina wannan kuskure ne babba, kuma wata ƙaramar halitta mai suna Renilla reniformis ta isa hujja.

Tana rayuwa ne a gaɓar tekun Atlantika ta ɓangaren nahiyar Amurka, daga jihar Karolina ta Arewa har zuwa Burazil. Wanda ya gan ta kwance a kan rairayi, faffaɗa mai siffar ƙoda da launin shunayya, zai ɗauka ganye ne, alhali dabba ce, 'yar'uwar murjani. Kai, ba ma dabba guda ba ce, taron ƙananan halittu ne da suka haɗa jiki ɗaya suka raba aiki: wasu na da hannuwa takwas-takwas da suke kama ƙananan ƙwayoyin abinci da ruwa ke kawowa, wasu kuma aikinsu zuƙo ruwa da fitar da shi, ta yadda jikin zai kumbura ko ya motse. A ƙarƙashinta akwai wata jijiya da take kafawa cikin rairayi don kada igiyar ruwa ta tafi da ita.

Idan aka taɓa ta da dare, wani koren haske yakan ratsa jikinta. Wannan hasken ne masanin kimiyya Milton Cormier na Jami'ar Jojiya da ke Amurka ya shafe shekaru yana nazari a kansa, har a 1991 shi da abokan aikinsa suka ware ƙwayar gadon da ke samar da sinadarin lusiferas mai haddasa shi. A yau ɗakunan bincike a faɗin duniya suna amfani da wannan sinadari wajen auna yadda ƙwayoyin gado ke aiki cikin ƙwayoyin halittar jiki, har da binciken magunguna.

Amma mazauninta shi ne irin wurin da jiragen kamun jatan lande ke jan manyan raga a ƙasansa, kuma daga irinsa ake kwasar rairayi don cike gaɓar da ruwa ya cinye. Don haka nake ganin wajibi ne hukumomin da ke ba da izinin waɗannan ayyuka su fara binciken abin da ke zaune a rairayin kafin su sa hannu.