Yadda na kwashe iyalina zuwa Jamus ba biza

Ban taɓa shiga jirgin sama ba. Fasfo ɗina ma tun da na yi shi yake kwance a ƙasan akwati yana ƙamshin kafur. Amma na yi kwana shida cur a birnin Frankfurt na Jamus, ni da uwargida da yara uku da Hajiya mahaifiyata, kuma duk kwanakin nan mai ga-ruwa bai fasa kawo mana ruwa ƙofar gida a Hotoro ba.

Ciwon ya kama ni ne tun watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter. A makon nan kowa ya zama malamin VPN, manhajar da ake bi ta cikinta a kewaye toshewar, har wanda bai san inda ake ƙara hasken wayarsa ba. Da aka ɗage dakatarwar a Janairun 2022, mutane suka goge abinsu suka ci gaba da harkokinsu. Ni kuwa na zama mai wa'azinsa a majalisarmu ta bakin teburin mai shayi. Kullum ina bayani: kamar ka sa wasiƙa a ambulan ka liƙe, ka ba ɗan aike ya kai ta wani gari, a can za a buɗe a tura ta inda ka nufa. Kamfanin layinka ambulan kawai yake gani, wanda ya karɓi wasiƙar kuma adireshin wancan garin zai gani, ba naka ba. Wata rana mai shayin ya ce, "To Oga, kai me kake ɓoyewa?" Na yi shiru. Abin da nake dubawa a intanet bai wuce farashin siminti da sakamakon wasan Kano Pillars ba. Amma mai wa'azi ba ya sauka daga mumbari saboda tambaya ɗaya.

Na ƙirga na'urorin gidana, na samu goma sha ɗaya, har da talabijin da tabilet ɗin Hajiya. Kuɗin da nake biya kuwa na na'ura biyar ne kacal. Sai na ji an ce idan ka dasa VPN ɗin a cikin rauta, wato akwatin da ke raba wayifai a gida, duk abin da ya hau wayifai ɗin gidan ya shiga ambulan, kuma na'ura ɗaya za a lissafa maka. Na ce shi ke nan, tsuntsu daga sama gasasshe.

Rautar da muke da ita, wadda ake sa mata layin waya, ba ta san wannan karatun ba. Na je kasuwar waya ta Farm Centre na sayo wata ta hannu mai ƙahoni huɗu. Ita ma sai an sauya mata ƙwaƙwalwa, wato a cire manhajar da ta zo da ita a zuba mata OpenWrt, manhajar kyauta da aka gina a kan Linux, wadda masu karambani irina suke wasa da ita tun 2004. Duk bayanin da na karanta ya ja kunne a kan abu guda: kada wuta ta ɗauke ana cikin zubawa. Ina da inbata a gida. Soket ɗin da na jona rautar ne kaɗai a falon ba ya kan layin inbata, kuma ni da kaina na hana mai wayarin ya haɗa shi, don a rage kuɗin waya.

Aikin ya kai wajen rabi, sai ɗif.

Da wuta ta dawo, rautar ta kunna fitila ɗaya tana ƙyafta mini ita kamar mai harara. Ba ta magana, ba ta amsa sallama. Masu harkar sukan ce irin wannan ta zama bulo. Na faɗa wa uwargida haka, ta ce, "Abban yara, in bulo ne ai da na siminti ka sayo, katangar baya tana nema."

Washegari na koma kasuwa. Wani yaro da ko gemu bai fara ba ya karɓe ta, ya jona ta da laftof ɗinsa da kebul, ya danne wani ɗan rami a bayanta da tsinken sakace, ya tura mata manhaja. Minti goma ta farfaɗo. Ya ɗago ya ce, "Oga, wa ya taɓa ta?" Na ce yara ne. Ya ce, "Kai, yaran nan naka akwai ƙarfin hali." Na biya shi har da ƙari, don ya daina kallona.

A gida na jona sabuwar a bayan tsohuwar, sai rigima ta tashi, domin dukansu adireshi ɗaya, 192.168.1.1, suke amsawa. Kamar kishiyoyi masu suna ɗaya, ka kira ɗaya ko su amsa tare ko su yi maka kunnen uwar shegu tare. Na mayar da amaryar 192.168.2.1, aka samu zaman lafiya. Na kuma ba ta tsohon sunan wayifai ɗinmu da tsohuwar kalmar sirri, don kowace waya ta hau da kanta ba sai an tambaye ni ba. A lokacin ina ganin wannan ita ce dabarar da ta fi kowacce.

Da manhajar VPN mai suna OpenVPN na fara, amma ƙaramar ƙwaƙwalwar rautar ba ta iya liƙe ambulan da sauri, bidiyo ya dinga juyawa kamar fanka a ƙaramar wuta. Na koma WireGuard, wanda ya fi shi sauƙin nauyi, wanda aka shigar cikin Linux a 2020. Shi kuma makullansa haruffa 44 ne kowanne, manya da ƙanana da lambobi a cakuɗe. Mai hankali kwafa yake yi ya liƙa. Ni daga fuskar waya na dinga karantawa ina bugawa a laftof da yatsa ɗaya. Dare biyu ina faɗa da sifili da harafin O, da ƙaramin l da babban I. Da aka zo zaɓen gari, na zaɓi Frankfurt, ba don komai ba sai don sunan yana cika baki.

Ƙarfe ɗaya na dare abu ya haɗu. Na buɗe shafin da ke nuna inda mutum yake, ya ce Jamus. Na tashi uwargida daga barci na ce, "Tashi ki gani, muna Jamus!" Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Allah ya kiyaye hanya," ta juya.

Da safe yara suka kunna katun, talla ta fito da Jamusanci. Kafin kwana biyu autanmu ya fara ce wa mai ga-ruwa "danke". Kowane shafi ka buɗe sai ya tare ka da doguwar takardar neman izini irin wadda dokar Turai ta tilasta, kai kuma ba ka san wane maɓalli ne "na yarda" ba, wanne ne "na sayar da gidana". Wannan duk mai sauƙi ne.

Uwargida tana sayar da atamfa ta waya. Ta shiga manhajar bankinta ta duba ko wata ta turo kuɗi. Saƙon da a da zai tafi Legas kai tsaye, yanzu sai ya je Legas, ya shiga kebul na ƙarƙashin teku, ya ɓulla Turai, ya gaisa da mutanen Frankfurt, sannan ya dawo Legas ɗin, kamar mai zuwa Wudil daga Kano ya bi ta Sakkwato. Bankin ya ga matar da jiya take Kano yau tana Jamus, ya kulle asusun. Ta yi rabin yini a layi. Ma'aikaciyar ta ce, "Hajiya, kin yi tafiya waje ne?" Ta ce, "Ni wajen da na je mafi nisa a watan nan Kantin Kwari ne." Ta dawo gida tana ta tsine wa 'yan damfara. Na taya ta. Har na ce Allah ya tona asirinsu, amma a hankali na faɗa.

Sai maganar Hajiya. Tabilet ɗinta ba layi a ciki, ta adireshin intanet yake gane garin da yake, kuma shi ke yi mata kiran sallah. Watan Yuni ne, lokacin da yinin Jamus yake miƙewa kamar ba zai ƙare ba. Ƙarfe biyu da wani abu na dare ya rangaɗa kiran asuba. Baiwar Allah ta tashi ta yi alwala ta yi sallah, ta zauna lazimi tana jiran gari ya waye. Gari ya ƙi. Zakaran maƙwabta ma bai ce uffan ba. Da yamma kuma masallacin unguwa ya yi magariba, ya yi isha'i, mutane sun watse, sai bayan takwas da rabi tabilet ya ce yanzu ne rana ta faɗi. A rana ta uku ta kira ni ta ce, "Kai, ladanin cikin allon nan lafiyarsa kuwa?" Na ce zan duba. Na ɗauke shi na jujjuya, na goge fuskarsa da hannun riga, na mayar mata.

Abin da ya tona ni wani makullin gaggawa ne da na kunna ina alfahari, wanda ke datse intanet ɗin gida gaba ɗaya idan VPN ya yanke, don kada ko harafi ɗaya ya fita ba ambulan. A rana ta shida ya yanke ina wurin aiki, babbar 'yata tana tsakiyar cike fom ɗin makaranta. Kira tara na samu. Ta kashe rauta ta kunna, ta cire waya ta mayar, daga ƙarshe ta buɗe laftof ɗina da na bari a kan tebur, ta ga tutar Jamus ɓaro-ɓaro.

Na dawo na tarar da kotu ta zauna a falo. Uwargida ce mai gabatar da ƙara, da takardar banki a hannu. Na fara bayanin ambulan da ɗan aike, Hajiya ta ɗaga hannu. Ta ce, "Asuba uku na rama saboda kai. Ban tambaye ka ambulan ba. Wa ya ce ka kai mu?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "To ka dawo da mu gida, yau ɗin nan."

A daren na raba wayifai biyu. Sabo na sa masa suna Kano, yana fita kai tsaye, kowa ya koma kansa. Tsohon sunan na bar shi a kan VPN, ni kaɗai a Jamus kamar ɗan ci-rani.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, maƙwabcina na jikin katanga ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, kai da ka san harkar waya, taimaka mini. Kusan kwana goma ke nan wayata tana yi mini wani yare, banki kuma sun kulle ni wai ina Turai." Na tambaye shi ranar da abin ya fara. Ya faɗa. Na dube shi, ya dube ni. Na ce, "Malam, tun yaushe kake da kalmar sirrinmu?" Ya gyara hula ya ce tun bara, autana ne ya ba shi a kan alawa biyu.

Muka yi shiru muna kallon masu sayar da rake. Can ya matso ya rage murya ya ce, "Na ga wani sabo ya fito, wai Kano. Shi nasa lambobin nawa ne?"